Ranakun hutu da Faransanci: abin da aikin kan iyaka ya koya mini

Littattafan koyon Faransanci da muke karantawa a aji suna fara darasin kwanan wata da le 14 juillet, wato 14 ga Yuli, ranar da mutanen Paris suka fasa kurkukun Bastille a 1789, sai Kirsimeti, le 25 décembre. Darasin na da amfani, amma ni ofishin jigilar kaya nake aiki a Katsina, kuma takardunmu Maraɗi suke zuwa ta Jibiya da Ɗan Issa. Hutun da ke tsayar mana da mota na Nijar ne.

Ƙa'idar faɗin kwanan wata da Faransanci ba ta da wuya. Ka sa le, ka faɗi lambar rana, sannan wata, kuma sunan wata da ƙaramin baƙi ake rubuta shi. Ranar ɗaya ga wata ce kawai ta fita daban, sai a ce premier: le premier mai, ranar ma'aikata, ko le premier octobre, ranar 'yancin Najeriya. Sauran duk lamba ce tsura.

Shekara ce ke ɗaure harshe. Nijar ta samu 'yanci le 3 août (3 ga Agusta) 1960, wato mille neuf cent soixante, ranar da kuma ake dashen itatuwa a faɗin ƙasar. Ta zama jamhuriya le 18 décembre 1958. Waɗannan da sauƙi. Amma da ka haura sittin da tara, sai lissafi ya shigo: saba'in sittin da goma ne, tamanin ashirin sau huɗu, casa'in kuma ashirin huɗu da goma. Yarjejeniyar zaman lafiya tsakanin gwamnatin Nijar da 'yan tawayen Abzinawa, wadda ake tunawa da ita le 24 avril, an sa mata hannu a 1995, kuma faɗin quatre-vingt-quinze, wato casa'in da biyar, a waya ba tare da tsayawa ba ya ci mini lokaci mai tsawo. Malaminmu ya ce mu daina lissafawa a ka, mu haddace kowace shekara tare da abin da ya faru a cikinta. Hakan ne ya yi mini aiki.

Inda na fi ƙaruwa shi ne ranakun Sallah. Abokan hulɗarmu na can Tabaski suke rubutawa a wasiƙa idan suna nufin Babbar Sallah, Mouloud kuma Maulidi. Waɗannan ba su da kwanan wata tsayayye, sai an ga wata, kuma wani lokaci Nijar kan riga mu da kwana ɗaya. Don haka idan zan sa ranar lodi kusa da Sallah, sai na kira Alhajin da ke karɓar kayan na tambaye shi, c'est férié quel jour chez vous, wace rana ce hutu a wajenku. Yakan ba ni amsa da Hausa, ni kuma in rubuta ta da Faransanci a takardar direba, saboda jami'an kwastan na can ita za su karanta.