Ni a gwajin motocin F1 ƙofofin iska nake kallo, ba agogo ba

Duk shekara in watan Fabrairu ya kama sai an yi min dariya a gida. Ƙarfe 8 na safe agogonmu, wanda ya yi daidai da ƙarfe 10 a Baharain, zan kafa waya a gabana da kofin shayi ina kallon motocin tseren Formula 1, wato F1, suna zagayen gwaji kafin a fara gasar shekara, ba tsere ake ba, ba kofi, ba wanda zai ci komai, wani lokacin ma minti ashirin ba mota ko ɗaya a kan titi. Ƙanina ya taɓa leƙowa ya ce "Yaya wai datarka ce ta yi maka yawa ne? to wa ke kan gaba?" Na ce masa ba kowa. Ya girgiza kai ya fita abinsa.

Kuma gaskiya na faɗa masa, lokacin da ake rubutawa a allo a ranakun gwaji kusan ba ya nufin komai. Ba ka san yawan man da ke tankin kowa ba, ba ka san ko an sake wa injin mara ko an daƙile shi ba, taya ma iri-iri ce, wasu kuma da gangan suke ɓoye gudunsu don kar maƙwabta su farga. A 2022 motar Red Bull ce ta fi kowa gudu a ranar ƙarshe ta gwajin Baharain, bayan mako ɗaya aka yi tseren farko a wannan titin dai, motocinsu biyu duk suka mutu kafin a gama saboda matsalar mai, Ferrari ta kwashe na ɗaya da na biyu. To ka gani. Shi ya sa ni idona yana kan jikin motar, musamman gefenta, wurin da aka yanka ƙofofi don iska ta shiga da wurin da aka tsattsaga don zafi ya fita.

Abin da ya sa na fara lura da wannan, motata ce. Tsohuwar Beljiyam ce, wata rana da zafin Afrilu na maƙale a gosulo sai na ga allurar zafi tana hawa tana hawa, kafin in samu wurin fakin hayaƙi ya fara tashi ta bonet. Na kai ta gareji, bakaniken ya buɗe ya duba lagireto ya ce "Alhaji ai wannan motar ƙasar sanyi aka yi wa, bari mu cire tamostat mu haɗa fanka dairek shikenan ka huta." Ban ce daidai ya yi ba fa, injiniyoyi da yawa ba su yarda da wannan aikin ba, amma abin da ya tsaya min a rai shi ne fankar. Motata in ta tsaya cak fanka ce ke ceton ta. Motar F1 ba ta da fanka ko ɗaya. Gudunta shi ne fankarta, in ta tsaya iska ta tsaya, zafi kuma bai tsaya ba. Shi ya sa da zarar direba ya shigo gareji za ka ga makanikai sun rugo da wasu injinan hura iska sun cusa su a bakin ƙofofin gefe da na birki, har da busasshiyar ƙanƙara a ciki mai fitar da farin tururi, kamar masu fifita wa wanda ya suma.

An taɓa sa fanka fa. A 1978 ƙungiyar Brabham ta zo tseren Suwidin da wata ƙatuwar fanka a bayan mota, mai zanen motar Gordon Murray ya ce ai ta sanyaya inji ce, alhali kowa ya ga tana zuƙe iskar ƙarƙashin motar tana manna ta da ƙasa. Direbanta Niki Lauda ya ci tseren, aka yi ta ƙorafi, daga wannan tsere ɗaya ba a sake fitowa da ita ba. Wato tun zamanin nan maganar sanyaya da maganar sarrafa iska a cakuɗe suke, ba ka raba su.

Ga yadda abin yake. Mai zana motar tsere yana son iska ta yi masa aiki guda, ta danne motar a ƙasa don ta sha kwana da gudu ba tare da ta zame ba, kuma kar ta riƙe ta a miƙaƙƙen titi. Iskar da ta bi ta kan fiffiken gaba, ta bi ta ƙarƙashi, ta bi ta gefe ta isa bayan motar da ƙarfinta, ita ce dukiyarsa. Amma a cikin motar akwai injin lita 1.6 mai tabo (turbo, na'urar da ke matse iska ta tura wa inji), akwai batir, akwai giya, akwai baƙin mai da ruwan inji, akwai iskar da tabo ya matse ta yi zafi wadda dole a sanyaya kafin ta shiga inji, ga birki na kabon da kan kai wajen digiri 1,000. Duk waɗannan iska suke roƙo. Kuma duk iskar da ka karkatar ta shiga lagireto ta fito a gajiye, ta yi zafi, ta rikice, ba ta da sauran amfani, in ma ba ka yi hankali da inda ka fitar da ita ba sai ta ɓata wadda ke zuwa fiffiken baya. Kamar mai noman rani ne da kwatar ruwa guda, abin da ya buɗe wa wannan fangalin ya rage wa wancan. Saboda haka mai zane kullum yana son ƙofar ta ƙara ƙanƙancewa, mai inji kuma yana son ta ƙara faɗi, kuma ranar gwaji ce ranar da ake sanin wanda ya yi gaskiya a cikinsu.

Misalin da ban mantawa shi ne Red Bull a 2014. Shekaru huɗu a jere suna cin kofi da direbansu Vettel, ga mai zana musu mota Adrian Newey wanda kowa ya san shi da matse kayan cikin mota kamar mai ɗaure kayan ƙaura. Sai aka shigo da sababbin injinan nan masu haɗi da lantarki, suka je gwaji a Jerez ta Sifaniya da injin Renault, kwana huɗu zagaye 21 kacal suka iya yi. Motar in ta fita sai ta dawo tana ƙauri, har sai da makanikai suka huda jikinta a nan gareji don zafi ya samu hanyar fita. Ka duba fa, miliyoyin daloli da manyan kwamfutoci, ƙarshenta an koma ga dabarar bakaniken unguwa, a huda kawai a samu lafiya. McLaren ma ta maimaita irin wannan a 2015 da suka koma injin Honda suka matse bayan motar iya matsewa, shekarar ba ta yi musu daɗi ba ko kaɗan.

Za ka ce to ba su gwada a ma'aikata ba ne? Sun gwada mana, amma doka ta ɗaure su. A ramin gwajin iska, inda ake hura wa mota iska tana tsaye a ga yadda take bin jikinta, ba a yarda ka sa cikakkiyar mota ba, sai samfuri mai kashi 60 cikin 100 na girmanta, iskar kuma ba ta wuce gudun kilomita 180 a awa, alhali motar gaske tana haura 300. Yawan gwajin ma rabawa ake, wanda ya ci kofi a ba shi kashi 70 na ma'aunin, na kashin baya ya samu kashi 115. Ga kuma iyakar kuɗin kashewa da aka fara a 2021. Don haka in sun zo titi babban abin da suke nema su sani shi ne, shin abin da kwamfuta da ramin iska suka faɗa mana gaskiya ne ko ƙarya suka shara mana.

A nan ne abubuwan da na fi so suke fitowa. Da sassafe za ka ga mota ta fito da wani ƙarfe mai kama da raga a bayan tayoyin gaba, ni eriyar talabijin ta da yake tuna min, irin wadda ake ɗaurawa a kan gora. Kowane ɗan tsinke a jikinsa bututu ne da ke auna ƙarfin iska a daidai wannan gurbin, direba zai riƙe gudu ɗaya a miƙe ba ƙari ba ragi, su kuma a gareji suna ta haɗa taswirar yadda taya ke yamutsa iska. Sai kuma fentin nan, kore shar ko ruwan ɗorawa, garin launi ne ake kwaɓawa da wani mai mara kauri a shafa a fiffike ko a gefen mota tana shirin fita. In ta yi gudu iska ta ja shi ya bushe, sai ya bar zane. Inda layukan suka tafi sumul a jere, iska ta bi jikin motar lafiya. Inda fentin ya taru ya yi dabbare-dabbare, a nan iska ta saki jiki ta kama gabanta. Wanda ya taɓa bin bayan bas lokacin hunturu ya san wannan, gilashin gaba fes amma na baya ya sha ƙura har yara na rubutu a kai, saboda a bayan ne iska ke juyawa tana zube abin da ta ɗauko. Kuma abin dariya, motar na shigowa za ka ga makanikai sun yi mata katanga da jikinsu, don masu hoto na nan da dogayen kyamarori, hoton fentin nan guda ɗaya in ya fita to ka ba maƙwabcinka karatun da ka sha wahala a kai kyauta.

Shekarar 2022 ita ce ta fi daɗin kallo wlh, don an canza doka gaba ɗaya, aka koma samun dannawar iska daga ƙarƙashin mota. Kowa ya zo da nasa fahimtar. Ferrari ta zo da gefe mai faɗi da aka kwarfe samansa kamar kwano, Red Bull ta zo da wanda aka rarake ƙarƙashinsa ya gangara baya. Mercedes kuwa a gwajin farko a Barcelona ta zo da mota kamar ta kowa, bayan sati biyu aka buɗe gareji a Baharain sai ga mota kusan ba gefe, an shafe shi, ƙofar iskar wata 'yar siririyar tsaga a tsaye. Na tuna a gurup ɗinmu wani ya rubuta cewa shikenan a ba su kofin kawai, ai shekara takwas a jere suna cin na kamfanoni. Ni ma na yarda, ba zan ɓoye ba. Ta fannin sanyaya aikin ya yi, motar ba ta ƙone ba. Amma sai ga wata matsala da ramin iska bai nuna wa kowa ba, motoci na tutsu a miƙaƙƙen titi kamar doki, iska ta zuƙo motar ƙasa har ta kusa taɓa kwalta, hanyar iskar ta toshe, motar ta taso, a sake zuƙo ta, haka dai kan direba na ta kaɗawa. Kusan kowa ya sha wannan amma ta Mercedes ta fi tsanani, a tseren Baku sai da direbansu Hamilton ya fito daga mota da kyar yana dafe da baya. Tsere ɗaya suka ci a shekarar, na ɗayan direbansu Russell a Barazil, Verstappen na Red Bull shi kaɗai ya ci 15. Su dai sun sha cewa ba gefen ne tushen matsalarsu ba, kuma mai yiwuwa haka ne, amma a Monaco a 2023 sun ajiye shi sun dawo irin na mutane.

Akwai kuma dalilin da ya sa na fi yarda da gwajin Baharain a kan na Barcelona. Barcelona a Fabrairu sanyi ne, a 2018 har dusar ƙanƙara ta zuba ta kashe musu kusan yini guda. A irin wannan yanayin kowace mota lafiyayya ce. McLaren a 2022 ta yi kyau a Barcelona, da aka zo titin Sakhir na Baharain cikin zafi da birki mai nauyi sai birkin gaba ya fara ɗaukar zafi, direbansu Norris bai iya doguwar tafiya ba, abokin tuƙinsa Ricciardo kuma yana kwance da korona, aka shiga tseren farko da gyaran gaggawa suka ƙare na 14 da na 15. 'Yar ƙofar iskar birki ce fa, abin da bai fi tafin hannu ba.

Wani abin da zan ce ka lura da shi in kana kallo, tsagogin nan da ke saman murfin inji masu kama da tagar luba. Faranti ne ake cirewa a sauya. Da rana tsaka za ka ga an buɗe su da yawa, da yamma in an kunna fitilu gari ya yi sanyi sai a rufe wasu, wani lokacin ma gefe ɗaya a buɗe ɗaya a rufe suna aunawa. Suna tara lissafin da za su yi amfani da shi duk shekara ne, don akwai wurare kamar birnin Meziko da ke sama da mita 2,200, iskar can ba ta da kauri, ba ta ɗaukar zafi sosai, dole kowa ya buɗe duk abin da zai buɗu. In na ga mota tana zagaye a zafin rana da tsagogi kaɗan kuma ba ta dawo gareji da wuri ba, wannan ya fi min lokacin da ke kan allo. In kuma na ga sabuwar mota tun ranar farko an yi mata faci da ƙarin huda, to na san akwai wanda bai yi barci ba a ma'aikata.

Dokar 2026 ma ta ƙara wa wannan rigima gishiri, don ƙarfin lantarki ya tashi daga kilowat 120 zuwa 350, batir kuma shi ba ya son zafin da inji ke iya jurewa, ga fiffike na gaba da na baya duk masu motsi. Na yi ƙoƙarin yi wa bakanikena wannan bayanin ranar da na koma canza baƙin mai, na nuna masa hoton Mercedes ɗin nan mara gefe a waya. Ya ƙura mata ido ya daɗe, ya faɗaɗa hoton da yatsunsa masu baƙin mai har ya ɓata min sikirin, sannan ya ce "To Alhaji ina lagireton yake?" Na nuna masa inda aka kwantar da shi a karkace a ciki. Ya ce a kawo masa ita Kano a watan Afrilu ya ga ko za ta ƙetare Kantin Kwari.