Tankar yaƙin da ke bakin teku a Torcross

Daga Kingsbridge na hau bas zuwa Torcross, wani ɗan ƙauye a kudancin Devon da ke Ingila. Hanyar ƙunci gare ta, sai direba ya raɓe tukuna wata mota ta wuce. Daga ƙauyen kuma titi ya miƙe sambal tsakanin ruwa biyu, teku a dama, tafkin Slapton Ley a hagu. Na taka gaɓar, tsakuwa ce zalla, ƙafa sai nutsewa take.

Wannan gaɓa, Slapton Sands, sojoji suka zaɓa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu don ta yi kama da gaɓar Utah ta Faransa, inda Amurkawa za su sauka ran 6 ga Yuni 1944 don yaƙar sojojin Jamus. A ƙarshen 1943 aka ba mutanen yankin kusan 3,000 wa'adin mako shida su kwashe nasu ya nasu, har dabbobi, su bar wa sojoji filin atisaye.

Abin da ya kai ni yana wurin ajiye motoci: tankar yaƙi ƙirar Sherman, baƙa ƙirin, an jingina mata jajayen furanni. Shekara 40 ta yi a ƙarƙashin teku. Ken Small, wani mai gidan saukar baƙi a yankin, ya saye ta daga gwamnatin Amurka kan dala 50, aka tsamo ta a 1984.

Don tunawa da daren 28 ga Afrilu 1944 ya yi wannan wahala. Ana tsakiyar atisayen, mai suna Tiger, jiragen ruwan Jamus masu gudu guda 9 suka taso daga Cherbourg ta Faransa suka afka wa ayarin jiragen ruwan da ke ɗauke da sojojin Amurka. Jirage biyu suka nutse, Amurkawa 749 suka mutu, fiye da waɗanda aka kashe a Utah ranar saukar gaske. Da yawa sun ɗaura abin hana nutsewa a ƙugu maimakon ƙarƙashin hammata, nauyin kaya ya kifa su, kai a ruwa. Aka ja wa waɗanda suka tsira kunne su yi gum, kada shirin ya tonu.

Can gaba akwai dogon dutsen da sojojin Amurka suka kafa a 1954, na godiya ga ƙauyawan da suka bar gidajensu. Sun cancanta, amma da na karanta rubutun daga sama har ƙasa, ko ambaton mamatan babu. Raina bai so hakan ba.