Raba gishiri da yashi: inda na kwana a karo na uku

'Yan uwana masu koyo, ga inda aikin raba gishiri da yashi ya tsaya. Hanyar ita ce in zuba ruwa gishirin ya narke, in tace yashin, sannan in ɗora ruwan a wuta cikin tasa har ya ƙafe ya bar gishirin. Ni na haɗa kayan da hannuna, yashi giram 6 da gishiri giram 4, don in san abin da ya kamata ya dawo mini.

A karon farko na yi murna, domin jimillar abin da na samu ta kusa cika giram 10. Sai da na auna kowanne shi kaɗai na ga yashi ya haura 6, gishiri kuma bai kai 4 ba. Ashe kurakurai biyu ne suka rufa wa juna asiri. Don Allah ku daina yarda da jimilla kawai.

Laifin yashin nawa ne. Ban ɗauraye shi a kan takardar tacewa ba, sai ruwan gishiri ya bushe a jikinsa, ga sauran danshi. Yanzu nakan ɗauraye shi sau uku da ruwa kaɗan kaɗan, in busar, in auna, in sake busarwa, har nauyin ya tsaya wuri ɗaya.

Gishirin ne ya fi ba ni wahala. Idan ruwa ya kusa ƙafewa, sai ya fara tartsatsi yana fallatsa waje, kana kallo awonka na tafiya. Na ga farin ɗigo a kan tebur. A karo na biyu na rage wuta, a na uku kuwa na ɗora tasar a kan tururi ta ƙarasa bushewa a hankali. Na kuma rage ruwa tun farko, tunda giram 100 na ruwa kan narkar da kusan giram 36 na gishiri. Zafi ba ya ƙara wannan sosai, sauri kawai yake sa shi.

Kada ku ɗora tasa da zafinta a sikeli, iskar da ke tashi daga jikinta kan rage awon. Amma kada ta daɗe a buɗe, musamman da damina, domin gishiri na jan danshi kamar yadda na kicin ke dunƙulewa.

Abin da ya rage mini shi ne ruwan da na tace bai yi garau ba. Ina zargin laka mai laushi ce ke bi ta gefen mazurari inda takardar ba ta manne ba. Ranar Asabar zan jiƙa takardar tukuna, in kuma tace sau biyu.