Dangin Gero da Dangin Wake

Duk lokacin da na bi ta fadamar Kwalkwalawa da ke kusa da Sakkwato da rani, nakan tsaya in dubi albasa da shinkafa a gefen kogin Rima, saboda su biyun suna cikin rukuni ɗaya a wajen masana tsirrai, ko da yake ba kowa zai yarda da haka a kallon farko ba.

Masana sun raba tsirrai gida-gida. Akwai marasa fure kamar gansakuka, waɗanda suke buƙatar danshi kafin su hayayyafa, shi ya sa ba su da yawa a ƙasarmu mai zafi. Amma kusan duk abin da muke nomawa mai fure ne, kuma shi ma kashi biyu ne. Idan aka jiƙa ƙwayar wake aka ɓare ta, za ta rabu gida biyu, ganyenta kuma jijiyoyinsa sun bazu kamar raga, saiwarsa guda ce mai nutsewa ƙasa. Haka gyaɗa da kuka da tsamiya suke. Ƙwayar gero kuwa ba ta rabuwa, jijiyoyin ganyensa a miƙe suke, saiwoyinsa siraran zare ne masu yawa, kuma a wannan kashi albasa da shinkafa suke.

Abin da ya fi burge ni shi ne goriba da giginya. Duk tsayinsu, danginsu ya fi kusa da gero fiye da kuka. Tun da na gane haka nake duba ganye kafin in duba tsayin itace, kuma ina ganin da irin wannan misali na gona ya kamata a fara koya wa yaranmu, kafin sunayen Latin da Linnaeus, masanin tsirrai ɗan ƙasar Sweden, ya tsara a 1753.