Asabar a kasuwar Ketu tare da Kawu

Ana idar da sallar asuba Kawu ya ja ni daga Agege zuwa kasuwar 'ya'yan itatuwa ta Ketu a Legas, wai in zo in ga inda bokona, wato binciken inganta irin mangwaro, yake ƙarewa. Jiya da daddare na iso daga Ibadan, barci bai sake ni ba, amma wa zai ce wa Kawu a'a?

Mun tarar ana sauke motar mangwaro daga Binuwai. Kwandunan sama lafiya lau, na ƙasa kuwa sun koma kunu. Ya ɗauki ɗaya ya matsa, ruwa ya bi yatsunsa, sannan ya dube ni.

"Ɗana, shekara nawa kana ɗaura wa itatuwa aure?"

"Tara ke nan, Kawu."

"To ina jikokin?"

Abokan cinikinsa suka kwashe da dariya. Ni ma na yi, ko da yake ta ɗan sosa ni. Mai aikin masara yana ganin sakamakon haɗinsa cikin damina ɗaya. Ni in na ɗebi ƙurar furen wani mangwaro na shafa wa wani, mafi yawan furannin zubewa suke yi. Wanda ya kama, a shuka ƙwallonsa, a jira shekara 5 zuwa 8 kafin a ɗanɗana ɗan fari, kuma sau da yawa sai ya fito duk zare. In an dace da nagari, ba ƙwallonsa ake rabawa ba, domin ba lalle ya gado uwar ba. Reshe ake yanka a aura wa wani dashen. Shi ne mangwaro mai aure da kowa ya sani.

Da na ga suna saurare sai na kawo musu zancen agade, wanda ya fi ban tausayi. Kiromosom, wato zaren da ke ɗauke da gadon halitta, 33 gare shi, jeri uku maimakon biyu, shi ya sa da ƙyar yake yin iri. Lokacin da cutar baƙar sigatoka, mai lalata ganyen ayaba da agade, ta shigo Najeriya a 1986, masu bincike na IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, a tasharsu ta Onne, jihar Ribas, sai da suka nemo ayabar daji mai suna Calcutta 4, wadda cutar ba ta kayar da ita, suka riƙa shafa ƙurarta da hannu. A murje nono guda na agade a samu 'yan ƙwayoyi ƙalilan, su ma sai an ciro ɗan tayinsu an rene shi a kwalba.

Wani dattijo ɗan Zariya ya ce duk ya ji, amma shi zaƙi ba ya damunsa. A ba shi mangwaron da zai kwana uku a mota, ya ƙara biyu a rumfa bai yi baƙin tabo ba. Na yi shiru, don a littafina zaƙi da girma nake fara aunawa, kaurin ɓawo yana can shafin baya.

Kafin mu tafi na lura da wani kwando daga can ƙasan lodi wanda ko ɗaya bai fashe ba. Direban ya ce ya san garin da aka ɗauko shi, kusa da Gboko. Na karɓi lambarsa, na sayi goma. Kawu bai rage mini ko naira ba.

Yanzu suna jere a kan tagar ɗakin baƙi, na rubuta wa kowanne lamba. Na roƙi Inna ta hana yara taɓa su har Laraba.