Abin da usur ya koya mini kan gardamar fenareti

Duk wanda ya taɓa riƙe usur a filin unguwa a Jos ya san ba a tayar da jijiyar wuya kan jifa ko kwana kamar yadda ake yi kan fenareti. Alƙalancin wasannin matasa shi ne aikina na ƙarshen mako, kuma tun da na yi kwas na karanta dokokin nan 17 na IFAB, hukumar da ke tsara dokokin ƙwallon ƙafa, sai zaman gidan kallo ya sauya mini. Idan musu ya kaure, ni ake juyowa: "Lafari, kai ka faɗa musu gaskiya." Gaskiyar da ake nufi kuwa ita ce wadda ta dace da rigar mai tambaya.

Har gobe ba a gama da wasan Najeriya da Ajantina na gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha ba. A majalisun Bauchi Road da Dilimi abin ya fi zafi, domin Mikel Obi da Ahmed Musa 'yan gida ne. Ana kunnen doki 1-1, bayan Victor Moses ya rama ƙwallon Messi da fenareti, sai Marcos Rojo ya yi tsalle ya sa kai, ƙwallo ta zame ta bugi hannunsa a cikin sha takwas. Alƙalin wasan, Cuneyt Cakir ɗan Turkiyya, ya je ya duba VAR, wato maimaicin bidiyon da ke taimaka wa alƙali, ya dawo ya ce a ci gaba. Ana saura 'yan mintuna Rojon nan dai ya ci ta biyu, muka tattaro kayanmu.

Na ji zafin wannan dare kamar kowa. Amma dokar wancan lokaci tambaya ɗaya take yi: da gangan ya kai hannu ga ƙwallo? Mutumin da ya yi niyyar sa kai ƙwallo ta kuɓuce masa, da wuya ka rantse cewa ya shirya taɓawa. A 2019 aka sake rubuta dokar hannu, a 2021 aka sake gyara ta, yanzu ana duba ko hannun ya ƙara wa jiki faɗi ta yadda motsin ɗan wasan bai buƙata ba. Saboda haka idan mutum biyu suna musu kan hannu, sau da yawa kowa na da gaskiyarsa, dokar shekaru daban-daban kawai suke karantowa. Ɗaya ma tasa tun zamanin da yake buga ƙwallon roba ce: ta taɓa hannu, a busa.

Sai ga wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka a Bouake, Fabrairun 2024. Osimhen ya zura wa Najeriya ta biyu a ragar Afirka ta Kudu, benci ya kife, masu shayi sun bar tukunya. Can sai alƙali ya soke ƙwallon, ya koma can ɗaya gefen ya ba Afirka ta Kudu fenareti, saboda Alhassan Yusuf ya taɗe Percy Tau kafin a ɗauko harin. Mokoena ya ci, aka koma 1-1. Waɗanda suka zagi VAR a 2018 don ta ƙi bayarwa, su ne suka zage ta don ta bayar. Alhali ƙa'ida ce: duk ƙwallon da ta shiga raga ana bin harin tun daga inda ya faro. Da aka je bugun fenareti na raba gardama, golanmu Nwabali ya kaɗe biyu muka wuce da 4-2, maganar ta mutu a daren. Da an cire mu, da har yau ana kiran sunan alƙalin nan ɗan Masar.

Wani abin da kwas ya buɗe mini ido a kai shi ne maimaicin da ake rage wa gudu. Ƙa'idar VAR ta ce a yi amfani da shi don ganin inda aka taɓa, amma ƙarfin taɓawar a duba shi a gudunsa na ainihi. Dalili a fili yake. Idan aka ja hoto a hankali, ɗan gogar kafaɗa sai ya zama kamar an yi niyyar karya mutum. Mai kallo ya gani sau shida daga kusurwa huɗu yana kurɓar lemo, sannan ya ce alƙali makaho ne.

A filinmu kuwa babu ko ɗaya. Layin sha takwas da toka ake ja, kafin hutun rabin lokaci iskar hunturu da ƙafafu sun share rabinsa. Masu taimaka mini wani lokaci yara ne riƙe da riga a madadin tuta, 'yan kallo kuma suna tsaye a kan layi, kowa da ƙaninsa a cikin fili. Dattijon da ya horar da mu kullum cewa yake: "Yaro, ƙafarka ce ke yanke hukunci kafin bakinka." Idan kana kusa, ta gefen da jikin wani bai tare maka ba, ko waɗanda hukuncin ya cutar sukan yi gunaguni su haƙura. Ka busa daidai daga tsakiyar fili, sai ka nemi mai raka ka gida.

Akwai ƙananan ƙa'idoji da ke jawo mini rigima fiye da hannu. Layin kansa cikin sha takwas yake, ƙetar da aka yi a kansa fenareti ce. Idan aka fara riƙe rigar ɗan wasa a waje aka ci gaba har ciki, ita ma fenareti ce. Ba na buɗe littafi a fili, ba mai sauraro. Kyaftin kaɗai nake kira, in gaya masa abin da na gani a jimla ɗaya: "Kyaftin, ya riƙe shi har ciki." Daga nan in taka sawu goma sha biyu daga layin raga, tunda ɗigon tokar ya daɗe da ɓacewa, in ajiye ƙwallo. A kan sawun nan ma sai an yi musu, masu bugu su ce na buɗa ƙafa da yawa, gola ya ce na taƙaita.