Ranar da Kawu ya kasa zura zare

Kawuna tela ne, shekarunsa 67. Bara ya fara kasa zura zare a allura. Ya ce gefen ƙofa lanƙwashewa yake yi, in ya kalli mutum kuma tsakiyar fuskar duhu. Mun ɗauka yanar ido ce. Likita ta duba, ta ce makula ce ta fara lalacewa, ɗan wurin nan can bayan ido da ke riƙe da ganin tsakiya.

"Baba, kuna shan taba?"

Ya sunkuyar da kai. Shekara 30 yana sha, ga hawan jini, ga tsufa. Ta ce kuma ciwon yana bin jini. Wannan maganar ce ta hana ni barci, don uwarsu ɗaya ubansu ɗaya da Mama. Jibi zan kai ta a duba idonta.